Galayit: Dutsen da Ya Yi Ƙaranci a Duniya da Alaƙarsa da Cajar Wayarka

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan waya a yankin PZ da ke Sabon Garin Zariya, ko waɗanda ke bakin titin Sakkwato a Samaru, zai lura da wasu haruffa uku da suka fara yawa a jikin kwalayen caja: GaN. Cajar da ke ɗauke da su ta fi sauran ƙanƙanta, ta kuma fi su kuɗi. Idan aka tambayi mai shago dalili, yawanci iyakar amsar ita ce wai orijina ce kuma tana cika waya da wuri.

Ga matashin da ke Unguwar Gabas, ko ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da yake rige-rigen cika waya da kwamfuta kafin a ɗauke wuta, wannan magana ce ta kuɗi da kuma lafiyar waya. Shin ƙarin kuɗin ya cancanta? Mene ne ma a cikin cajar? Amsar tana komawa ne ga wani ƙarfe mai suna galiyum, da wani dutse mai suna galayit wanda masana duwatsu da yawa sukan gama aikinsu ba su taɓa riƙe shi a hannu ba.

Ƙarfen da zafin Zariya ke narkarwa

Haruffa biyun farko, wato Ga, alamar galiyum ce, sinadari mai lamba 31 a jadawalin sinadarai. Harafin N kuwa na naitirojin ne, iskar da ta fi kowace yawa a cikin wadda muke shaƙa. Haɗuwarsu ita ce galiyum naitirayid, wanda ake taƙaitawa GaN.

Galiyum ƙarfe ne fari mai ƙyalli, amma yana narkewa a digiri 29.76 na ma'aunin Salshiyas. Wato da za a ajiye gutsurensa a kan tebur a Samaru cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35, zai zama ruwa ba tare da an kunna wuta ba. Ɗumin tafin hannu ma ya isa ya narkar da shi. Duk da haka ba ya tafasa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Wani abin mamakin kuma, idan ya daskare girma yake ƙarawa kamar yadda ruwa ke yi idan ya zama ƙanƙara, shi ya sa ba a ajiye shi a kwalba, don zai iya fasa ta.

An san da shi tun kafin a gan shi. A 1871 masanin sinadarai ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya bar gurbi a jadawalinsa ƙarƙashin alminiyum, ya kuma faɗi irin nauyi da halayen da sinadarin da zai cike gurbin zai kasance da su. A 1875 wani Bafaranshe, Paul-Émile Lecoq de Boisbaudran, yana nazarin hasken da dutsen tutiya na tsaunukan Pirenis ke fitarwa, sai ya ga layuka biyu masu launin shunayya da ba na kowane sanannen sinadari ba. Ya raɗa masa suna daga Gallia, tsohon sunan Faransa a harshen Latin. Awon farko da ya yi wa nauyin ƙarfen ya saɓa wa hasashen Mendeleev, wanda ya nace cewa samfurin ne bai tsarkaka ba. Da aka sake tacewa aka auna, sai lissafi ya faɗa inda Mendeleev ya ce.

Mene ne galayit?

Sai da aka shafe shekara 83 bayan gano galiyum kafin a samu dutsen da za a ce nasa ne. A 1958 masana uku, Hugo Strunz da Bruno Geier da Erich Seeliger, suka bayyana wani sabon ma'adini da aka samu a mahaƙar Tsumeb da ke arewacin Namibiya da kuma mahaƙar Kipushi da ke kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Suka sa masa suna galayit. Shi ne ma'adini na farko da aka sani wanda galiyum ke cikin ainihin gininsa.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi shi: jan ƙarfe da galiyum da farar wuta, wadda wasu ke kira ƙibiritu. A rubuce masana kan sa CuGaS2, wato ƙwayar jan ƙarfe ɗaya, ta galiyum ɗaya, ta farar wuta biyu. Launinsa toka-toka ne mai ƙyallin ƙarfe, kuma ba shi da tauri sosai, wuƙa tana iya karce shi. Kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinsa galiyum ne.

Sai dai kada mai karatu ya zaci wani ƙaton dutse ne da ake fasawa da guduma. Galibi ƙananan ɗigo-ɗigo ne da siraran zare a cikin wasu duwatsun, musamman dutsen tutiya da ma'adinan jamaniyum. Sai an yanka dutsen an goge fuskarsa ta yi sumul, an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan ake gane shi.

Wuraren biyu da aka fara samunsa duk a Afirka suke. Tsumeb ta yi suna a duniya saboda an samu ma'adinai iri daban-daban fiye da 200 a cikinta, ciki har da wasu ma'adinan galiyum da su ma a can aka fara gano su. An rufe ta a 1996. Kipushi kuwa tana da nisan kusan kilomita 30 daga birnin Lubumbashi, dab da iyakar Zambiya. An fara haƙa a cikinta a 1924, aikin ya tsaya a 1993, sannan aka sake buɗe ta a 2024 ƙarƙashin haɗin gwiwar kamfanin Ivanhoe Mines da kamfanin gwamnatin Kwango, Gécamines. Tutiya ce aka koma haƙowa, ba galayit ba.

Me ya sa ya yi ƙaranci haka?

Shi kansa galiyum ba shi da ƙaranci. A kowane tan guda na duwatsun doron ƙasa akwai kimanin giram 17 zuwa 19 nasa, adadin da ya kai na dalma, har ma ya ɗan ɗara. Bisa wannan matsakaicin lissafi, tifar da ta ɗauko tan 20 na tsakuwa zuwa wurin gini a Zariya tana ɗauke da galiyum fiye da giram 300.

Matsalar ita ce ba ya taruwa wuri ɗaya. Ƙwayar galiyum ta yi kama da ta alminiyum a girma da kuma yadda take haɗuwa da sauran sinadarai. Saboda haka duk lokacin da dutse ke samuwa, sai galiyum ya saje cikin gurbin alminiyum, ɗaya nan ɗaya can. Tun da alminiyum ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, maɓoya ba ta ƙare masa. Duwatsu irin na Kufena da sauran manyan duwatsun da ke kewaye da Zariya cike suke da ma'adinai masu alminiyum, don haka su ma suna da ɗan rabonsu na galiyum, amma a warwatse yake ta yadda kuɗin fitar da shi zai ninka darajarsa sau da yawa.

Kafin galayit ya samu, sai an dace da wurin da ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa ya kawo galiyum da jan ƙarfe da farar wuta da yawa, alhali babu alminiyum mai yawa da zai haɗiye galiyum ɗin. Tsumeb da Kipushi duk a cikin duwatsu dangin farar ƙasa suke, waɗanda ba su da alminiyum sosai. Irin wannan dacewa ba kasafai take faruwa ba.

To daga ina galiyum ɗin cajarka ya fito?

Babu wata mahaƙa a duniya da ke haƙo galayit don sayarwa. Galiyum ɗin da ke cikin caja da fitila da waya rarar wani aiki ne daban. Mafi yawansa daga boksait yake fitowa, jar ƙasar da ake tace alminiyum daga cikinta. Tan guda na boksait yana ɗauke da kimanin giram 50 na galiyum. Wato galayit ya ninka shi ƙarfi kusan sau 7,000, amma boksait ana sarrafa ɗaruruwan miliyoyin tan nasa duk shekara, shi kuwa galayit sai a gidajen adana kayan tarihi da ɗakunan bincike.

A masana'antar tace boksait ana dafa shi ne cikin ruwan soda mai zafi. Alminiyum ya narke, galiyum ma ya bi shi. Ana cire alminiyum ɗin a sake amfani da ruwan, a haka galiyum yake taruwa a hankali har ya kai yadda za a iya tsamo shi. Ko da za a tsamo shi duka ba tare da asara ba, sai an sarrafa tan 20 na boksait kafin a samu kilo ɗaya. Ana kuma samun kaɗan daga masana'antun tace tutiya. An taɓa gwada mahaƙar da galiyum da jamaniyum ne babban abin nemanta, wato mahaƙar Apex a jihar Yuta ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1980, amma ba ta daɗe ba aka rufe. Tun 1987 Amurka ta daina samar da ɗanyen galiyum, ta koma saye daga waje.

A shekarun baya-bayan nan, duk abin da duniya ke samarwa a shekara bai kai tan 1,000 ba, kuma bisa ƙididdigar hukumar binciken ma'adinai ta Amurka, kusan kashi 98 cikin 100 daga ƙasar Sin yake fitowa. A nan Afirka ta Yamma ta shigo cikin labarin. Ƙasar Gini ce ta fi kowace ƙasa arzikin boksait a ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce kan gaba wajen sayar wa Sin da shi, musamman daga yankin Boke. Jar ƙasa takan fita ɗanya a jirgin ruwa, a tace ta a can, wani ɓangare na galiyum ɗin da ke cikinta ya dawo kasuwannin Sabon Gari da Kano da Legas a cikin kwali, da farashin dala.

Wannan dogaro da ƙasa ɗaya ya riga ya zama makamin siyasa. A ranar 3 ga Yulin 2023 Sin ta sanar cewa daga 1 ga Agusta sai da lasisi za a fitar da galiyum da jamaniyum daga ƙasar. A Disambar 2024 ta haramta sayar wa Amurka da su, kafin ta dakatar da haramcin a Nuwambar 2025. Farashinsa a Turai ya tashi sosai bayan matakin farko, kuma kamfanonin alminiyum a Kanada da Girka da Ostareliya sun sanar da shirye-shiryen fara tsamo nasu. Mai saye a Zariya bai ji wannan girgiza kai tsaye ba, domin galiyum ɗin da ke cikin caja ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma yawancin cajojin a Sin ake ƙera su. Canjin dala ya fi shafar aljihunsa.

Aikin da yake yi a cikin caja

Wutar da ke zuwa soket a Najeriya bolt 230 ce, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Waya kuwa wuta miƙaƙƙiya take so, ta bolt 5 ko 9, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma har 20. Aikin caja shi ne wannan sauyi. A cikinta akwai wani ɗan makunni na lantarki da ke kunnawa yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, yana tura wutar ta cikin ƙaramar taransifoma. Ƙa'idar ita ce, iya saurin makunnin, iya ƙanƙantar taransifomar da ake bukata.

Shekaru da dama da silikon ake yin wannan makunni. Amma idan aka matsa wa silikon ya ƙara sauri, sai ya riƙa ɓarnatar da wuta ta hanyar zafi. GaN yana jure ƙarfin lantarki fiye da silikon nesa ba kusa ba. Ma'aunin da masana ke amfani da shi wajen kwatanta wannan ya ba GaN 3.4, silikon kuma 1.1. Saboda haka makunnin GaN yana iya kunnawa da kashewa sau ɗaruruwan dubbai a daƙiƙa ba tare da ɓarna mai yawa ba. Sakamakon shi ne caja mai wat 65 da girmanta bai wuce na tsohuwar caja mai wat 30 ba, wadda za ta iya ɗaukar waya da kwamfuta a lokaci guda.

A ƙarshen 2018 ne irin waɗannan cajoji suka fara bayyana a kasuwa, inda kamfanin Anker yake cikin na farko-farko. A 2021 Apple ya fitar da caja mai wat 140 ta MacBook Pro da wannan fasaha. Yanzu Oraimo da Baseus da Ugreen da wasu da dama duk suna da nasu.

Ba a caja kaɗai yake ba

Fitilar caji da ake kunnawa idan Nepa ta ɗauke wuta, tocilar bayan waya, kwan sola na kan titi, duk galiyum ne a cikinsu. Farin kwan LED asalinsa shuɗi ne da aka yi da GaN, aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar launukan biyu ta ba da fari. 'Yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 saboda ƙirƙiro wannan shuɗin kwan. Albarkacinsa kwan LED mai wat 9 yake ba da hasken da sai tsohon kwan mai wat 60 ke bayarwa, abin da ya sa ƙaramin batir da fanel ɗin sola guda suke iya haska ɗaki tsawon dare.

A cikin wayar kanta, ɓangaren da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta tafi ga turken sabis galibi da galiyum asenayid ake yin sa. Na'urar gane fuska da Apple ya fara sa wa iPhone X a 2017 tana amfani da ƙananan fitilun leza na dangin wannan sinadari. Turakun 5G da yawa da GaN suke aiki. Akwai kuma wani nau'in fanel ɗin sola siriri mai suna CIGS, wanda aka haɗa da jan ƙarfe da indiyum da galiyum da seleniyum, kuma tsarin jeruwar ƙwayoyinsa iri ɗaya ne da na galayit.

Masu gyaran waya da kwamfuta kuma su lura. Akwai wani man sanyaya injin kwamfuta mai kama da zaiba, wanda galiyum ne jigonsa, irin wanda Sony ya sa a PlayStation 5. Idan ya taɓa alminiyum yakan ratsa cikinsa ya sa shi ya riƙa marmashewa. Yana kuma ɗaukar lantarki, don haka ɗigo ɗaya a kan allon na'ura ya isa ya ƙona ta.

Ko akwai shi a Najeriya?

Najeriya tana da dutsen dalma da tutiya a kwarin Binuwai, daga yankin Abakaliki a jihar Ebonyi har zuwa Zurak a jihar Filato, kuma dutsen tutiya na cikin waɗanda galiyum ke fakewa a ciki. Amma ido ba ya gane shi, sai awo. Ɗaya daga cikin wuraren da ake irin wannan awo a ƙasar nan a Samaru yake. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike mai suna NIRR-1, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wanda ya fara aiki a 2004. Ana sa ɗan garin dutse a cikinsa, ƙwayoyin niyutiron su buge shi, kowane sinadari ya fitar da nasa irin tiririn, a haka ake gane abin da ke ciki ko da ɗan kaɗan ne cikin miliyan. Jami'ar tana kuma da sashen nazarin duwatsu da ma'adinai, ga ɗalibin da wannan fanni ya ba shi sha'awa.

Wannan yana da muhimmanci a lokacin da hotunan duwatsu ke yawo a Facebook da WhatsApp ana cewa da su ake yin waya. Duk wanda aka yi wa tallar dutse da sunan dutsen galiyum, ya nemi takardar sakamakon awo kafin ya fitar da sisi. Kada kuma a daka ko a niƙa duwatsu masu ƙyallin ƙarfe a cikin gida, domin dangin farar wuta sukan zo tare da dalma da asenik. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara sakamakon gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje.

Kafin ka biya kuɗin caja

Abu na farko, GaN ba ya sa waya ta cika da sauri fiye da yadda aka ƙera ta. Wayar da iyakarta wat 18 ce, wat 18 za ta ja ko da an jona ta da caja mai wat 100. Wanda waya ɗaya kawai yake da ita, cajar da ta zo da wayar ta ishe shi. Wanda zai ci moriyar GaN shi ne mai waya da kwamfuta da fawa-banki, da yake son caja ɗaya ta ɗauke su duka cikin 'yan sa'o'in da aka kawo wuta.

Na biyu, a duba yaren da cajar ke magana da waya. Yawancin cajojin GaN da tsarin PD suke aiki, wasu da ƙarin PPS, wanda wayoyin Samsung ke bukata don caji mai sauri. Wasu wayoyin Tecno da Infinix da Oppo da Xiaomi suna da nasu tsarin, kuma ba sa kaiwa cikakken gudunsu sai da cajar kamfaninsu.

Na uku, a karanta ƙananan rubutun jikin cajar, ba manyan lambobin kwali ba. Wat shi ne bolt sau amfiya. Idan an rubuta 5V da 2A kaɗai, wat 10 ke nan, ko da kwalin ya ce 65. Caja mai kafofi biyu ko uku kuma raba ƙarfinta take yi idan an jona su duka.

Na huɗu, igiya. Igiyar USB-C ta gama-gari iyakarta wat 60 ce. Abin da ya wuce haka sai igiya mai ɗaukar amfiya 5.

Na ƙarshe, buga haruffa uku a kwali ba wuya ba ne, kuma babu yadda za a gane makunnin da ke ciki ba tare da an fasa cajar ba. Araha ba ta ado. Cajar da ba ta da sunan kamfani, ko ta yi sakayau a hannu, ko take zafin da ba a iya riƙe ta, ko take sa fuskar waya ta riƙa danna kanta lokacin caji, a rabu da ita. A saya a shagon da zai ba da rasit da garanti, a gwada ta a gaban mai shago, a tabbatar wayar ta nuna alamar caji mai sauri kafin a bar wurin.